Bayan Alkyabbar Mai Fitila

Atiu, 3 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Upokoina,

Kia orana. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida na Auckland. Mu nan tsibirin Atiu lafiya ƙalau, sai dai idon Mama Tutai da ke ƙara dushewa. Ta ce in gaishe ki, in kuma tambaye ki ko har yanzu gashinki shuɗi ne.

Wataƙila ba za ki tuna ni ba. Ni ce Moeroa, jikar Mama Tutai, ƙanwar kakarki. Sau ɗaya muka haɗu, lokacin da kuka zo buɗe dutsen kabarin kakana Papa. Ni ce yarinyar da ta ɓuya bayan tankin ruwa tana leƙen ki kwana uku ba ta ce uffan ba. Yanzu shekarata sha shida, amma bakina bai fi na da ba, shi ya sa na zaɓi takarda. Mama ta ce babu waya sai na gama makaranta.

Malamarmu ta nuna mini hotunanki a kwamfutar makaranta. Na ga wanda kika yi shigar jaruma mai fukafukai, aka ce duk da robar shimfiɗa kika haɗa, irin wadda ake motsa jiki a kai. Na yi ta kallo har aka kaɗa ƙararrawa. Ban san hannun mutum zai iya haka ba, balle a ce hannun danginmu ne.

Ga abin da ya sa na rubuto. Zan zo Auckland a Oktoba, lokacin babban taron masu shigar kwaikwayo, kuma malamar ta sa sunana a gasar sababbin shiga. Zan yi shigar Mai Fitila, matar nan ta fim ɗin zane da ta yi shekara goma tana tafiya a ƙafa tana neman garinsu. Na haɗa sulken ƙirji da fitilar, ko da yake kafaɗun sun ƙi zama.

Alkyabbar ce ta fi komai. Mama ta ba ni yadin da ta ajiye don yi mini tivaevae, bargon ɗinkin hannu da ake ba yarinya idan ta cika shekara ashirin da ɗaya. Shuɗi mai duhu da fari. Na nuna mata hoton sau ɗaya, ta ninka farin gida huɗu, ta yanka ba tare da ta zana komai ba, da ta ware sai ga igiyoyin ruwa. Ta ce wannan ne yankanta na ƙarshe, ido ya ƙi. Ɗinkin kuwa duk ni na yi, wata biyar, tana zaune kusa da ni tana kwance duk wanda bai yi mata ba.

Yaya, ban taɓa shiga taron da ya fi na coci ba. Don Allah ki gaya mini abin da mai zuwan farko ya kamata ta sani. Idan ba ki da lokaci, ba komai.

Ƙanwarki,
Moeroa


Auckland, 21 ga Yuni

Ƙanwata Moe,

Kia orana, 'yar bayan tanki! Wa zai manta idanun nan? Har fare muka yi da ƙanena ko kina magana, ya ce kurma ce. Muna lafiya. Ina nan ina aikina na haɗa wa tsofaffi haƙoran roba. Ki gaya wa Mama Tutai gashin ya koma kore, kuma duk ranar da take son sababbin haƙora na cizon jikoki ta yi magana. Ki daina kira na Upokoina, sai in ɗauka laifi na yi. Poko ya isa.

To, buɗe kunne. Abu na farko ba sulke ba ne, takalmi ne. Za ki yini a tsaye kan siminti, layin shiga kaɗai ya isa ya sa mutum tuba. Duk takalmin da za ki sa ranar, ki fara zuwa makaranta da shi tun yanzu.

Sannan ki saka kayan gaba ɗaya a gida, ki zauna a kujera, ki sunkuya ki ɗauki cokali a ƙasa, ki shiga banɗaki ki rufe ƙofa. Ba wasa nake ba. Fukafukan nan da kika yi ta kallo, a zuwana na farko sun ƙi shiga ƙofar banɗaki. Sai da wata baiwar Allah mai shigar kwaɗo ta riƙe mini su a waje, tana ta ce wa masu wucewa, “Nawa ne, na samu ƙarin girma.” Har yau ƙawata ce. Haka mutanen nan suke, Moe. Za ki ga ƙato mai ƙaho da gatari ya durƙusa yana ɗaure wa wata igiyar takalmi. Akwai ma wani lungu da masu gyara ke zama da allura da gam, duk wanda kayansa ya ɓalle su gyara masa kyauta.

Kada ki bar sulke a mota cikin rana, gam mai zafi narkewa yake, ki dawo ki tarar da miya. A bakin ƙofa za a duba sandar fitilarki a ɗaura mata wata 'yar igiya, alamar ba makami ba ce. Ki bar ta a jiki. Ki sha ruwa, ki ci abinci ko ba ki jin yunwa. Wanda zai ɗauke ki hoto dole ya tambaya, kuma “a'a” cikakkiyar amsa ce. Idan kunya ta kama ki, ki dubi na kusa da ke ki ce, “Yaya kika haɗa wannan?” Shi ke nan, ba za ki sake buɗe baki ba sai bayan awa guda.

Gasar kuma: kafin dandamali za ki shiga wani ɗaki ke kaɗai da alƙalai. Za su tambayi abin da kika yi da hannunki da wanda aka taya ki, ki faɗi gaskiya. Kuma za su juya kayanki su duba ciki. A nan ake kama masu gaggawa.

Ga babban sirrin. Kuskuren sababbi shi ne su zo da kaya sabo fil, kamar yanzu aka ciro daga leda. Matar da ta yi shekara goma a hanya ba ta ƙyalli. Mu tsufar da kaya muke yi. Ki jiƙa da gahawa, ki shafa ƙasa, ki goga sanfefa, ki yage gefe. Ki tsufar da kayanki, kada ki ji tausayinsu. Ranar farko zuciya za ta yi zafi, amma a nan kaya ke samun rai.

Takarda ta ƙare. Ga zanen kafaɗar sulke nan na haɗo miki a babbar takarda, ki ɗora kan roba ki yanka. Ki bi kibiyar.

Yayarki,
Poko


Atiu, 15 ga Yuli

Yaya Poko,

Gaisuwa da godiya mai yawa. Ina fatan kina lafiya. Na karanta takardarki har na kusa haddace ta. Zanen kafaɗa ya yi daidai, na bi kibiyar wajen yanka kamar yadda kika ce, yanzu sun zauna. Ina zuwa makaranta da takalmin. Na shiga banɗaki da kayan, ƙofa ta rufu.

Na yi murna da kika ce alƙalai suna juya kaya, domin haka Mama take. Duk abin da aka ɗinka, kafin ta dubi gabansa sai ta juya bayansa. Har rigar matar fasto ta taɓa ɗaga wa kalmasa a bakin coci. Tana cewa gaba na baƙi ne, baya ne na mai ɗinki.

Yanzu zan faɗi abin da ya faru, ki yi haƙuri da tsawonsa.

Ranar Alhamis Mama ta tafi zaman ɗinkin mata. Na fara da sulke, na ga ya yi kyau ƙwarai, kamar an yi yaƙi da shi. Sai na ɗauko alkyabbar. Na tsaya da ita a hannu na daɗe. Na tuna kin ce zuciya za ta yi zafi, na ce to wannan ne zafin. Na jiƙa ta cikin bahon gahawa. Na shafa mata jar ƙasar bayan gida da taɓon fadamar gwaza. Sanfefa ba ta kama yadin ba, sai na kai ta kan duwatsun makatea masu kaifin nan na ja ta har ta yage wuri huɗu. Ina yi ina kuka, amma ban tsaya ba.

Tana kan igiya Mama ta dawo. Ta tsaya, ta kare ido da hannu.

“Alade ne ya ɓalle?”

Na ce, “A'a, Mama.”

“To wa?”

“Ni ce. Haka ake yi a can. Yaya Poko ta ce a tsufar da kaya.”

“Poko,” in ji ta. “Mai koren kai.”

Ta matso ta sa yatsa cikin yagar da ta ratsa igiyar ruwan da ta yanka. Na jira ta yi faɗa, na ma fi son ta yi. Sai kawai ta ce, “Tsufa ai zuwa yake da kansa, ba a aika masa.” Ta shige ɗaki.

Yaya, ba ta juya ta ba. Tun da nake, ban taɓa ganin ta taɓa ɗinki ta bar shi ba ta duba bayansa ba. Daga ranar ta saka almakashinta a akwati ta kulle. Tana ba ni abinci, tana tashi na addu'ar safe, amma ba ta ƙara ambaton alkyabbar ba.

Ba ina ɗora miki laifi ba ne. Na san kin san abin da kike yi, wataƙila ni ce na wuce gona da iri. Ki taimake ni da kalmomin da zan bayyana mata.

Ƙanwarki,
Moeroa


Atiu, 6 ga Agusta

Yaya Poko,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Jirgin sama ya sauka sau da dama, ina zuwa filin ina dawowa hannu wofi. Na ɗauka kin yi fushi don na faɗi abin da Mama ta kira ki. Yanzu na san akwai abin da ya fi wannan.

Jiya ina share ƙarƙashin tebur na tsinci guntayen takardar zanen kafaɗa da na yanka. Ɗaya ya kife, sai na ga rubutunki a baya. Na tattara su, na jera a ƙasa kamar mai haɗa tivaevae, har suka karantu:

“Ban da alkyabbar! Kada gahawa ko sanfefa su kusance ta. Yankan Mama Tutai na ƙarshe ba abin wasa ba ne. Idan kin zo za mu shafa mata garin alli mai launi, wanda ake kakkaɓewa bayan taro.”

Ashe kibiyar cewa take in juya. Ni da na tashi a hannun matar da ke juya komai, takarda ɗaya na kasa juyawa.

Zan ce wa malama ta cire sunana. Ba zan iya hawa dandamali da abin da na yi ba. Na gode da duk wahalar da kika yi a kaina.

Moeroa


Auckland, 14 ga Agusta

Moe, ƙanwata,

Lafiyata ƙalau, sai dai tun jiya na rasa inda zan sa kaina. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Ta farkon ta yi sati uku a Rarotonga cikin kwalin gwaza, a firizar wani kawunmu, ta zo a daskare. Fushi da ke? Don an ce mini mai koren kai? Ai Mama ta yi mini adalci.

Laifin nawa ne. Wace mai hankali ce ke rubuta magana mafi muhimmanci a bayan takardar da ta ce a yanka? Ki gaya wa Mama haka, da bakina.

Kada ki sa mata bilic, zai cinye shuɗin. Kada ki wanke da ruwan zafi. Kuma kada ki je wurin malama tukuna, ki ba ni sati biyu.

Bari in tona wa kaina asiri. Ni ban iya ɗinkin hannu ba. Kakata ta yi iya ƙoƙarinta, na gudu. Duk kalmasar da ke jikin kayana da gam na manna ta, shi ya sa idan alƙalai suka zo juyawa nake fara ba su labarin fukafukai. Ke kin zauna wata biyar da allura a gefen matar da duk Atiu ke tsoron yatsanta. Na nuna wa ƙawata mai kwaɗo takardarki ta farko, ta ce, “Wannan ce sabuwar shiga? To mu mene ne?” Taɓo bai shiga cikin wannan ba, Moe.

Tambaya ɗaya. Kin ce sau ɗaya kika nuna wa Mama hoto. Kin taɓa ba ta labarin matar? Ita yadi ta gani an ɓata. Ba ta san wa ke saka shi ba. Mu a nan, kafin mu sa tabo ɗaya, sai mun tambayi kanmu ina mutumin ya je, me ya same shi. Ki ba ta labarin kamar na wata 'yar uwa. Idan bayan haka har yanzu kina son janyewa, ba zan hana ki ba, ki zo kawai ki riƙe mini fukafukai a ƙofar banɗaki.

Babu komai a bayan wannan takarda. Na duba sau biyu.

Poko


Atiu, 8 ga Satumba

Yaya Poko,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, an yi ruwa, tanki ya cika. Na isar da saƙonki. Mama ta ce, “Ta dai san kanta.”

Kwana uku ina haɗa maganar a zuci. Ranar Asabar muna kankare kwakwa a bayan gida, na sunkuyar da kai na fara, ba tare da na dube ta ba. Na ce akwai wata mata da teku ya ɓoye garinsu, ta ɗauki fitilar gidansu ta fita nema, ta rantse ba za ta bari ta mutu ba. Na faɗi duk inda ta bi. Mama ta ci gaba da kankararta. Da na gama na ɗauka shi ke nan.

Can sai ta ce, “Shekara nawa?”

“Goma, Mama.”

“Da ƙafa?”

“Da ƙafa.”

“Fitilar a wane hannu?”

“Hagu.”

“Ɗauko.”

Na kawo, ta sa na yafa, ta zagaya ni tana shafawa. Sai ta ja tsaki.

“Wace irin mata ce ke yagewa a tsakiyar baya? Da baya take tafiya? Ko jan ta ake a ƙasa kamar buhu?”

Na ce ban sani ba.

“Ba ki sani ba, ita ma mai koren kan ba ta sani ba. Wa ya taɓa wanke kayan mutum goma a cikinku? Idan za ki ɓata abu, ki ɓata shi daidai.”

Ta buɗe akwati ta ciro wani tivaevae na mahaifiyarta da ban taɓa gani ba, ya tsufa har ya yi laushi kamar ganye. Ta kama yatsana ta bi da shi. Ta nuna mini inda yadi ke fara ci: bakin ƙasa, wurin ninki, inda hannu ke kamawa kullum. Ta ce kafaɗa rana ke ci, ƙasa taɓo ke ci, kuma taɓo ba ya wuce gwiwa sai in mutum ya faɗi. Ta ce gefen hagu dole ya yi baƙin hayaƙi, ta aike ni in kwaso toka daga umu, ramin da muke gasa abinci. Yaya, duk abin da kika ce kuna tambayar kanku, ita ta san amsarsa da yatsa.

Sannan ta ce, “Kuma a ce mace ta yi shekara goma da yagaggen tufa ba ta ɗinke ba? Wannan ba 'yar Atiu ba ce.”

To yanzu faci nake yi. Ta ba ni ƙyallayen tsofaffin rigunan Papa, ta ce matafiyi da abin da ya samu yake faci. Na gaya mata dokar gasa, cewa dole hannuna ya yi. Ta ce, “Da wa ya ce zai taya ki?” Facin baya sau uku tana sa ni in kwance. Mun wanke taɓon sama da ruwan sanyi, ya bar wani launi kamar na rana.

Ban je wurin malama ba. Zan zo.

Abu ɗaya ne ya rage. Duk duban da take yi, ta gaba take yi. Har yanzu ba ta juya ta ba, ni kuma ba zan iya roƙon ta ba.

Ƙanwarki,
Moeroa


Atiu, 9 ga Disamba

Yaya Poko,

Kia orana. Gaisuwa da kewa mai yawa. Ina fatan ƙafarki ta warke. Ke da kika yi mini wa'azin takalmi, ke kika dawo da kumburi. Mun gama jarrabawa. Mama tana lafiya.

Har yanzu idan na rufe ido ina ganin zauren nan. Yarinyar da ke kan keken guragu da ta mai da shi jirgin ruwa. Tsohon da ya yi shiga iri ɗaya da jikarsa. Ƙaton nan mai ƙaho da ya tambaye ni cikin ladabi ko zai ɗauki hoto, ya kuma ce na gode. Dubban mutane, kowa ya yi watanni yana wahala a ɗakinsa don kawai ya zo wani ya ce masa, “Yaya ka haɗa wannan?” Na yi tambayar sau tara. Kin yi gaskiya, ban sha wahalar magana ba.

Kin yi ta tambaya ta abin da ya faru a ɗakin alƙalai, na ce ba komai. Ga shi yanzu a takarda. Su uku ne. Babbarsu, wata mai furfura da tabarau biyu a wuya, ta durƙusa ta ce, “Zan iya taɓawa?” Ta ɗaga gefen ta juya. Ta bi ɗinkin da ido layi-layi. Sai ta kira sauran ta ce, “Ku zo ku gani.” Ta tambayi wa ya yanka igiyoyin ruwan, na ce kakata, ba ta zana ba. Ta tambayi wa ya ɗinka, na ce ni. Ta tambayi dalilin baƙin da ke hagu, na ce a nan fitila take. Na ji muryata tana fita, har labarin makatea na ba su, suka yi dariya, ni ma na yi.

Wanda ya yi dodon nan mai buɗe baki ya cancanci na ɗaya, ban ji komai ba. Takardar yabon ɗinkin hannu da suka ba ni na kawo wa Mama. Ta riƙe ta nesa da ido, ta ce, “Baƙi ne, me suka sani?” Ta sa ta cikin littafin waƙoƙin coci.

Ranar Talata aka yi tutaka. Kin san yadda ake yi, masu duba tsabtar gidaje suna zagayawa, mata na biye da su, kowace ta shimfiɗa tivaevae mafi kyau a kan gadajenta don a gani. Na dawo daga sharar tsakar gida, sai na tarar Mama ta shimfiɗa alkyabbar a kan gadonta ita kanta, da facinta da tokarta. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mama Akaiti ce ta fara shiga, wadda suke gasar ɗinki da Mama tun suna 'yan mata. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

“Tutai, idon ya kai haka? Tsumman goge ƙafa kika manta a kan gado.”

Mata suka yi dariya. Mama ta ratsa su. Ta taka a hankali zuwa bakin gado, ta kama gefen alkyabbar da hannu biyu, ta juya ta gaba ɗaya. Ta ɗora babban yatsanta a kan layin farko ta bi shi har ƙarshe, ta koma na biyu, ta bi facin baya da na kwance sau uku. Mata suka matso. Ni ina bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

Sai ta ɗago ta ce, “Akaiti, sa tabaranki. Nemo mini ƙulli ɗaya a nan, in ba ki aladena.”

Mama Akaiti ta sa tabarau ta sunkuya. Ta daɗe. Ta miƙe tana cewa ai hasken ɗakin ne ba shi da kyau.

“Jikata ce,” in ji Mama. Ba ta dube ni ba, amma da ƙarfi ta faɗa.

Na fita bayan tanki na ɗan tsaya.

Yaya, na gode. Takarda ta ƙare, kuma ban zana kibiya ba, da baki nake gaya miki: akwai saura a baya. Ki juya.

Ƙanwarki,
Moe

A bayan takardar, da manyan haruffa masu karkata:

Poko mai koren kai. Na ji da gam kike kalmasa. Ki zo da Kirsimeti, ki bar gam ɗin a can. Moeroa za ta koya miki, almakashina na hannunta yanzu. Tutai.